Tsarin Sadarwar Wayar Salula da Sassansa: Misali daga Magarya da Dungas

Wayar salula ba ta magana da ƴar'uwarta kai tsaye, ko da masu wayoyin biyu suna zaune a rumfa ɗaya a kasuwar Magarya. Abin da take yi shi ne ta tura igiyar rediyo zuwa ga turken sadarwa mafi kusa, daga nan kuma maganar ta shiga dogon jerin na'urori da layukan sadarwa da rumbunan bayanai, waɗanda galibinsu suna nesa da mai kiran ƙwarai, kafin ta dawo ga wanda aka kira. Tsakanin waya da turke, wanda sau da yawa bai wuce tafiyar ƴan kilomitoci ba, shi kaɗai ne ɓangaren da jama'a suke gani, amma sauran sassan da ba a gani su ne suke yanke hukuncin ko kira zai shiga, da nawa za a cire, da dokar ƙasar da za ta hau kansa. Gundumomin Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram wuri ne da wannan tsari yake fitowa fili, domin suna da yawan jama'a, inda ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum 900,000 a cikinsu, kuma suna kwance a kan iyakar Nijar da Nijeriya. Dungas kanta a cikin Magarya take har zuwa 2011, lokacin da aka mayar da ita gunduma mai zaman kanta.

Tushen tsarin gaba ɗaya ƙarancin mita ne, wato yawan kaɗawar igiyar rediyo a cikin daƙiƙa, abin da masu sauraron rediyo suka saba nema a akwatinsu. Mitocin da hukuma ke ba kowane kamfani ƙididdigaggu ne, kuma da a ce turke guda mai ƙarfi ne zai ɗauki ƙasar Damagaram duka, da mutane kaɗan ne za su iya magana a lokaci ɗaya. Dabarar da wani injiniya na cibiyar binciken Bell ta Amurka, Douglas Ring, ya rubuta a 1947 ita ce a yanyanka ƙasa zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi da turkensa mai matsakaicin ƙarfi, ta yadda za a sake amfani da mita ɗaya a wani gurbin da ya yi nisa. Haka kasuwannin karkara suke raba ranakun mako: garuruwa biyu maƙwabta ba sa cin kasuwa rana ɗaya don kada su kashe wa juna ciniki, amma garin da ke can nesa yana iya ɗaukar wannan ranar ba tare da ya cuci kowa ba. A taswirar injiniyoyi akan zana gurbi da kusurwa shida, sai dai a ƙasa siffarsa ta dogara ne ga tsayin turke da tudu da kwari da itatuwa. Inda jama'a suka cunkushe, kamar cikin garin Magarya, ana ƙanƙanta gurabe a yawaita turaku, a ƙauyukan Guci ko Malawa kuwa turke guda yakan ɗauki fili mai faɗi.

Tsarin da ya yaɗa salula a ƙasar Hausa shi ne GSM, wanda ƙasashen Turai suka fara tsarawa a 1982, aka kuma yi kiran farko da shi a Finlan a 1991. Bambancinsa da na gabaninsa shi ne yana mayar da murya lambobi. Wayar tana yanka magana gutsure-gutsure, kowanne tsawon kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta matse shi ya koma jerin sifili da ɗaya, wajen guda 13,000 a daƙiƙa, ta ƙara wasu lambobin na gyaran kuskure, sannan ta kulle shi da mabuɗin sirri kafin ta sake shi a iska. A zangon megahaz 900, waya tana aikawa tsakanin 890 da 915, turke kuma yana amsawa tsakanin 935 da 960, an kuma raba zangon zuwa hanyoyi 124 masu faɗin kilohaz 200 kowacce. Kowace hanya mutum takwas ne suke iya raba ta bi da bi, kowa da ɗan taƙinsa na lokaci wanda bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma saurin zagayowar ne ya sa kunne ba ya jin yankewa. Wannan rabo yana da wani sakamako da ya shafi karkara kai tsaye. Tun da igiya tana cin lokaci kafin ta iso, turke yakan umarci wayar da ke nesa ta riƙa yin sammako da saƙonta don ya faɗo daidai taƙinsa, kuma wannan sammako yana da matakai 63 kacal, kowanne daidai da rabin kilomita da ɗoriya, abin da ya sa iyakar gurbin GSM na yau da kullum ta tsaya a wajen kilomita 35. A aikace sabis yakan ƙare tun kafin nan, saboda ƙarfin da ƙaramar waya take iya fitarwa bai wuce wat 2 ba.

Abin da ke hannun mai kira abu biyu ne da aka haɗa. Ita wayar tana da lambarta ta ƙira mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, katin sim kuma yana da tasa lambar, IMSI, wadda ba ita ce ake ba abokai ba. Alƙaluma ukun farko na IMSI suna nuna ƙasa, inda Nijar take da 614, Nijeriya kuma 621, na biye da su suna nuna kamfani, sauran kuma mai layin. A cikin sim akwai mabuɗin sirri da ba ya taɓa fita iska. Idan an kunna waya, cibiyar kamfani takan aiko da wata lamba ta ka-cici-ka-cici, sim ya lissafa amsa da mabuɗinsa, cibiyar ta gwada da nata lissafin, kuma sai amsoshin biyu sun dace ake buɗe layi.

Dogon ƙarfen da ake hangowa daga bakin gari maɗauki ne kawai. Tashar rediyon kanta, wadda ake kira BTS, tana cikin akwati a gindinsa ko manne a jikinsa, dogayen eriyoyin da ke sama kuma yawanci sun kasu fuska uku, kowace fuska tana kallon sulusin da'ira, don haka turke guda yakan zama gurbi uku. Faifan nan mai zagaye da ke ƙasa da su ba ya hulɗa da wayoyin jama'a, aikinsa shi ne harba siririyar igiya zuwa ga faifan wani turken, kuma dole su riƙa hangen juna ba tare da wani abu ya gitta ba. A karkara akan jera turaku ta haka, wannan ya miƙa wa wancan, har a kai inda wayar gilashi take, kuma illar wannan jeri ita ce idan turke guda na tsakiya ya mutu, duk na bayansa sukan yi shiru ko da lafiyarsu ƙalau. Tashoshi da yawa suna ƙarƙashin na'ura guda mai kula da su, BSC, wadda take raba hanyoyi, take daidaita ƙarfin kowace waya, take kuma miƙa kira daga gurbi zuwa gurbi. Fasinjan da ya taso daga Magarya ya nufi Damagaram ta Bande yana magana, wayarsa tana auna ƙarfin turakun da ke kewaye tana kai rahoto kusan sau biyu a daƙiƙa, kuma da zarar na gaba ya fi na baya ƙarfi sai a mayar da shi can ba tare da ya sani ba. Inda aka bar tazara tsakanin gurabe biyu, a nan kira yake yankewa.

Zuciyar tsarin ita ce cibiyar haɗa kira, MSC, tare da rumbunan bayanai da ke mara mata baya, kuma kamfanoni a manyan birane suke ajiye su. Babban rumbu, HLR, shi ne kundin asali na duk masu layin kamfanin, yana riƙe da lambar kowa da ayyukan da aka yarje masa da cibiyar da yake ƙarƙashinta a yanzu. Ƙaramin rumbu, VLR, yana tare da kowace cibiya, yana riƙe da bayanin waɗanda suke yankinta a halin da ake ciki. Akwai kuma rumbun lambobin wayoyi, wanda da shi ake iya toshe wayar da aka sace idan kamfani ya sa lambarta a jerin haramtattu. Idan ɗan kasuwa a Damagaram ya kira manomi a Waca, cibiya takan fara tambayar na'urar lissafin kuɗi ko akwai kati a layinsa, sannan ta tambayi babban rumbu inda manomin yake, sannan a yi cigiyarsa a dukan turakun yankin da ya yi rajista na ƙarshe, wayarsa ta amsa, a ware masa hanya, sai ta fara ƙara. Duk wannan cikin ƴan daƙiƙoƙi yake kammala.

A bakin iyaka ne bambancin ɓangaren rediyo da na rumbunan bayanai yake bayyana. Igiyar rediyo ba ta san shingen kwastan ba, saboda haka mutumin da ke kudancin Dungas yana iya kama turken Maigatari ta jihar Jigawa, na wajen Tinkim kuma ya kama na Babban Mutum, haka nan na ƙetaren suna kama na Nijar. Rumbunan bayanai kuwa na ƙasa ne, kowanne a ƙarƙashin hukumarsa, ARCEP a Nijar, NCC a Nijeriya. Idan sim ɗin Nijar ya hau turken Nijeriya, cibiyar can sai ta tuntuɓi rumbunsa na gida kafin ta karɓe shi a matsayin baƙo, da kuɗin baƙunci mai tsada, kuma hakan yana iya faruwa mutum yana zaune a gonarsa bai taka ƙasar kowa ba. Kiran da zai tashi daga lambar Nijar mai farawa da 227 zuwa ta Nijeriya mai farawa da 234 dole ya bi ta ƙofar ƙasa da ƙasa ta kamfanonin biyu, ko da tsakanin masu maganar bai wuce tafiyar amalanke ba. Wannan ne ya sa waya mai sim biyu ta zama kayan aikin dillalan dabbobi da na hatsi a wannan yanki, kuma dabararsu daidai take, domin sun gane cewa kuɗin kira yana bin hanyar da kiran ya ratsa ne, ko kusa ko nesa.

Saƙon tes yana bin hanyar umarni ta tsarin, ya sauka a wata cibiya da ke ajiye shi har wayar da aka aika wa ta kunnu. Tsawonsa harafi 160 ne, amma jerin haruffan GSM ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, saboda haka harafi guda mai lanƙwasa ya isa ya mayar da saƙon wani tsarin rubutu da ba ya ɗaukar fiye da harafi 70. Abin takaici ne a ce mai rubuta Hausa daidai ƙa'ida shi ne yake biyan kuɗin saƙo biyu ko uku. Lambobin da ake dannawa tsakanin tauraro da alamar tsani don duba kati ko tura kuɗi su ma ta hanyar umarnin suke bi, shi ya sa suke aiki a ƙaramar waya marar intanet.

Intanet ta shigo ne ta wani reshe daban, inda ake daddatsa bayani ƙunshi-ƙunshi, kowanne ya nemi hanyarsa, maimakon a keɓe wa mutum layi har ya gama. An fara da GPRS a kan turakun GSM, 3G ta biyo baya, 4G kuma ta soke na'urar tsakiya mai kula da tashoshi, ta bar turaku suna shirya miƙa kira a tsakaninsu, ta kuma mayar da komai ƙunshin bayani. Saƙon murya na WhatsApp, wanda ya karɓu ƙwarai a wurin waɗanda ba su yi karatun boko ba, ta wannan reshe yake bi, kuma yana buƙatar hanya mai faɗi a bayan turke. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka intanet ɗinta tana isa ga wayoyin ƙarƙashin teku ne ta ƙasashen maƙwabta, kuma ɗaya daga cikin rassan aikin shimfiɗa wayar gilashi ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, shi ne wanda ya taso daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya.

Kamfanoni huɗu ne suke riƙe da wannan tsari a Nijar. Celtel, wanda ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange da ya shigo a 2008 an sayar da shi a 2019 ya koma Zamani Telecom. Sonitel da SahelCom na gwamnati kuma aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecoms. Game da amfanin wannan tsari kuwa, masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi sawun bazuwar turaku a kasuwannin hatsi na ƙasar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Mafi raunin duk sassan shi ne wutar lantarki. Turke yana aiki dare da rana, kuma mafi yawan ƙauyukan Magarya da Dungas ba su kan layin kamfanin wutar lantarki na NIGELEC, saboda haka kowace tasha ta karkara tana dogara ne ga injin gas da batura, ko faifan hasken rana. Zafin bazara yana rage kwanan batura, ƙurar hunturu tana rufe faifan rana, da damina kuma hanyoyin yashi da laka suna wahalar da motar kai mai. Turakun cikin gari ma ba su tsira ba, domin yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana shan wutar da ke zuwa daga Katsina, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024.