Darmar Ƙafar Mota da Maharban Ƙasar Daura

 Ku sani maharbi a ƙasar Daura, ko na Zango ko na Mai'aduwa, in yana bukatar harsashin bindigar toka, yakan nemi darma wurin masu gyaran taya: 'yan guntayen nan da ake maƙalawa a bakin ƙafar mota don kada ta yi rawa.

To, al'amari ya sake. Tun 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa darma a ƙafar mota, saboda haka da yawa ƙarfe ne yanzu ko tutiya. Mai saye da awo ya jarraba tukuna: darma taushi gare ta, wuƙa na kankare ta, in ta faɗi ƙasa ba ta amo.

Abin da ya fi hasarar kuɗi nauyi shi ne dafinta. A 2010 gubar darma, daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Wanda ya narka ta a murhun tuwo, ƙurarta tana sauka inda 'ya'yansa ke rarrafe, kuma shekaru ba sa fid da ita daga turɓaya. Wassalam.