Dogon Tsanin Lissafi da Ɗaliban da Ke Zubewa a Hanya

A yawancin kwalejojin al'umma na Amurka, wato kwalejojin gwamnati masu shekara biyu da ke karɓar kusan duk wanda ya nema, an daɗe ana jera darussan lissafi tamkar matakan tsani. Can ƙasa akwai lissafin firamare: tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, da su rabi da sulusi da rubu'i. Sai share fagen aljabara, sai aljabara ta farko, sai ta tsakiya, kafin a kai aljabarar kwaleji, wadda daga ita ne makin ɗalibi ke fara shiga lissafin digirinsa. Bayanta sai ilimin kusurwoyi, sannan kalkulas. Sabon ɗalibi yakan zana jarrabawar tantancewa lokacin rajista, sakamakonta kuma shi ke yanke masa matakin da zai fara. Wanda aka ajiye a ƙasa yana iya cinye zango uku ko huɗu yana biyan kuɗi yana halartar aji, ba tare da ko maki ɗaya ya shiga takardarsa ba. Waɗanda suka tsara wannan da kyakkyawar niyya suka yi shi, domin kada a jefa mutum ajin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai hujjojin da suka taru sun nuna cewa tsawon tsanin ya fi wahalar lissafin kayar da mutane, kuma ina ganin gyara tun daga nan ya kamata ya fara.

A shekarar 2010 Thomas Bailey da abokan aikinsa biyu, na cibiyar binciken kwalejojin al'umma da ke Jami'ar Columbia, suka fitar da sakamakon bin diddigin ɗimbin ɗalibai. Kusan kashi 59 cikin 100 an tura su ajin share fagen lissafi, kuma cikin waɗanda aka tura, kusan sulusi ne kawai suka kammala jerin darussan cikin shekara uku. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda sauran suka ɓace. Waɗanda suka fita saboda ba su ma yi rajistar darasin farko ba, ko kuma sun ci wani darasi amma ba su dawo na gaba ba, sun fi waɗanda jarrabawa ta kayar yawa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san su wane ne ɗaliban nan: da yawansu ma'aikata ne, wasu iyaye ne, kuma kowane hutun zango dama ce ga rashin lafiya ko canjin lokacin aiki ko kuɗin haya ya raba su da makaranta. Lissafin abin ma mai sauƙi ne. A ce darussan share fage uku ne, kowanne da ƙofa biyu, ta shiga da ta ci. A ce kuma a kowace ƙofa mutum uku cikin huɗu ke wucewa, wanda ba mugun sakamako ba ne. Ɗalibai 100 za su koma 75, sai 56, sai 42, sai 32, sai 24, a ƙarshe 18. Kowane malami zai iya cewa ajinsa na tafiya daidai, ya kuma faɗi gaskiya, alhali tsarin gaba ɗayansa ya zubar da fiye da kashi 80.

Jarrabawar tantancewar ma ba ta tsira ba. Nazarin da Judith Scott-Clayton ta yi a 2012 ya nuna tana yawan ajiye mutane ƙasa da inda za su iya, kuma makin da ɗalibi ya tara a shekarunsa na sakandare ya fi ta nuna abin da zai yi a kwaleji. Zaman sa'a guda gaban kwamfuta, ga mutumin da rabonsa da aljabara shekara biyar, ya fi auna mantuwa a kan basira.

Saboda haka wasu jihohi suka sauya hanya. A 2015 kwalejojin jihar Tenesi suka daina jera share fage a gaba. Ɗalibi yana shiga darasin kwaleji kai tsaye, a haɗa masa ƙarin sa'o'i a zango guda ɗin domin cike gurbin da yake da shi. Cikin ɗaliban da aka ce ba su shirya ba, masu cin darasin lissafin kwaleji a shekarar farko suka tashi daga kusan kashi 12 zuwa sama da rabi. A Jami'ar Birnin New York kuwa, Alexandra Logue da abokanta sun yi gwajin da ya fi ƙarfin hujja, domin da ƙuri'a aka raba ɗalibai 907 da jarrabawa ta ce ba su shirya ba. Cikin waɗanda aka kai ajin share fagen aljabara kashi 39 ne suka ci, cikin waɗanda aka kai darasin ƙididdiga na matakin kwaleji da ƙarin taimako kuwa kashi 56. Bayan shekara uku rukunin ƙididdiga ne suka fi yawan kammala karatu. Kalifoniya, mai kwalejojin al'umma sama da 110, ta mayar da wannan doka a 2017 da dokar AB 705, ta ƙara tsaurara ta a 2022 da AB 1705.

Malaman lissafi da yawa ba su yarda ba, kuma ƙorafinsu ba na son zuciya ba ne. Na farko suna cewa an sauya ma'aunin ne: wanda ya ci ƙididdiga ba aljabara ya koya ba. Gaskiya ne, kuma nazarin da aka yi daga baya kan Tenesi ya nuna cewa kaso mai yawa na ƙaruwar ya samo asali ne daga karkatar da ɗalibai zuwa ƙididdiga, bai kuma ga wani babban sauyi a yawan masu samun digiri ba. Amma tambayar ita ce me ɗalibin zai yi da lissafin. Mai karatun jinya ko aikin jarida ko horon 'yan sanda zai yi ta cin karo da alƙaluma da kaso da sakamakon bincike duk rayuwarsa. Tsanin aljabara an ƙera shi ne domin kai mutum kalkulas, tilasta wa wanda ba can ya nufa ba ya hau shi al'ada ce kawai da aka gada.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi wanda ke son zama injiniya ko masanin kimiyya. Shi kalkulas ba ya yafe gurbi. Batunsa shi ne saurin canji a daidai wani lokaci, kamar abin da allurar gudun mota ke nunawa a wannan daƙiƙar, saɓanin matsakaicin gudun tafiyar gaba ɗaya. Tunanin kansa ba shi ne ke kayar da yawancin ɗalibai ba. A duba yaron da aka ce ya tara rabi da sulusi, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/5. Amsar 5/6 ce, kuma da ya tsaya ya duba zai ga 2/5 ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba. Shekaru bayan haka, a farkon kalkulas, za a ce ya nemo saurin canjin 1/x, matakin farko kuwa shi ne ya ɗebe 1/x daga 1/(x+h). Aikin dai shi ne na rabi da sulusi, na daidaita lambobin ƙasa, haruffa kawai suka maye gurbin lambobi. Nan zai tsaya cik, ya ce kalkulas ya gagare shi, alhali darasin aji biyar ne ya biyo shi. Robert Siegler da abokansa sun nuna a 2012, da bayanan yaran Amurka da na Birtaniya, cewa sanin ɓangarorin lamba da rabawa a firamare yana nuna yadda yaro zai yi a aljabarar sakandare, ko da an cire tasirin arzikin gida da basirar yaron.

To amma wannan hujjar da ɗaya gefen ta fi tafiya. Idan gurbin ɗalibi a daidaita lambobin ƙasa yake, abin da yake bukata mako biyu ne ko uku a kan wannan, a daidai lokacin da ya ga amfaninsa, maimakon zango guda na maimaita duk abin da ya riga ya sani. Uri Treisman ya lura da wani abu makamancin haka a Jami'ar Berkeley tun shekarun 1970: ɗaliban da ke faɗuwa kalkulas su kaɗai suke karatu, masu ci kuwa a rukuni suke fama da tambayoyi suna gyara wa juna. Da ya kafa zaman rukuni a kan tambayoyi masu wuya, maimakon ajin maimaici, sakamakon ɗaliban ya ɗaga sosai. Inda nake tare da malaman shi ne batun wanda bai taɓa karanta ilimin kusurwoyi ba ko kaɗan. Wannan ba mantuwa ce ke damunsa ba, bai taɓa ji ba ne, kuma doka ba za ta sa ya sani ba. Shi ya cancanci zango guda na shiri mai ƙarfi da ke kai shi kalkulas kai tsaye. Zango guda nake nufi, kuma makinsa ya shiga digiri.

A jami'o'in Nijeriya tsanin gajere ne: ɗalibin kimiyya na aji ɗaya yakan yi aljabara da ilimin kusurwoyi a zangon farko, ya shiga kalkulas a na biyu, share fage kuwa yana can waje a makarantu irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Matsalar dogon jeri ba ta cika damunmu ba, ta gurbi ce tamu. Ana ɗauka duk mai kiredit a lissafin WAEC ko NECO ya shirya, a tara ɗaruruwa a ɗakin lacca guda, ba wanda zai gano mai rubuta 2/5 sai ranar da aka liƙa sakamako. Gwajin rabin sa'a a makon farko, wanda ba ya hana kowa shiga aji, da zaman rukuni na mako-mako ƙarƙashin ɗaliban aji uku da huɗu, abu ne da sashen lissafi zai iya farawa da ma'aikatan da yake da su yanzu.