Tanadin Ingirici don Zomo da Ɓeran Masar

A ƙasar Hausa, idan kaka ta yi, manomi kan ɗaure harawar wake da ta gyaɗa dami-dami, ya ɗora a kan soro ko a reshen bishiya, domin awaki da tumaki su sami abinci da rani. A Ingila da Amurka ma akwai masu irin wannan tanadi, sai dai yawancinsu ba manoma ba ne. Mutanen birni ne masu ajiye zomo ko ɓeran Masar a gida don sha'awa, kamar yadda wasu suke ajiye kyanwa. Abin da suke tanada kuwa shi ne ingirici, wato ciyawar da aka yanka tana ɗanya, aka shanya ta har ta bushe.

Ingirici shi ne tushen abincin waɗannan dabbobi. Haƙoransu ba sa daina tsiro muddin suna raye, kuma taunar ciyawa ce take rage musu tsawo. Idan zomo ya rasa abin tauna, haƙoransa sukan yi zaƙo-zaƙo har su ji masa ciwo a baki, ya kasa cin abinci. Haka kuma hanjinsa yana bukatar ciyawa a kullum domin ya ci gaba da aiki, in kuwa ya tsaya, dabbar tana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Saboda haka likitocin dabbobi suke ba da shawarar ingirici ya zama wajen kashi 80 cikin 100 na abincin zomo, a riƙa zuba masa tulin da ya kai girman jikinsa kowace rana.

Ciyawar da aka fi saye ita ce timoti, wadda ta samo sunanta daga Timothy Hanson, wani manomi da ya yaɗa ta a Amurka wajen shekarar 1720. Akwai kuma alfalfa, wadda dangin wake ce kamar harawa. Tana da sinadarin gina jiki da na ƙashi da yawa, don haka ta dace da 'ya'yan zomo, amma tana iya jawo wa babba ƙiba da tsakuwar mafitsara. Shi kuwa karan alkama ko na sha'ir shimfiɗa ce kawai, ba abinci ba.

A kantunan dabbobi ana sayar da ingirici cikin ƙananan ledoji masu nauyin kilo 1 ko 2, ga tsada, ga saurin ƙarewa. Wannan ya sa mutane da yawa suke zuwa gona ko wurin masu abincin dawaki su sayi dami guda, wanda kan kai kimanin kilo 20, ya kuma ishi zomaye biyu wata biyu ko uku. Sauƙin kuɗin a fili yake, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin a biya, ya kamata mai saye ya buɗe damin ya duba cikinsa. Ingirici mai kyau yana da ɗan kore-kore da ƙanshi mai daɗi, kuma a bushe yake ƙayau. Wanda ya yi baƙi-baƙi, ko yake warin ruɓa, ko yake tayar da farar ƙura idan an karkaɗa shi, ko aka ji ɗumi a tsakiyarsa, to, ya sha laima, kuma ko kyauta ne bai kamata a karɓa ba.

Laima ita ce babbar abokiyar gabar ingirici. Idan ruwan da ke jikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100, sai ya yi fumfuna, wadda take cutar da numfashin dabba da na mai ita. Ingila kuwa ƙasa ce mai yawan ruwan sama, saboda haka wurin ajiya ya fi komai muhimmanci. Ana ɗora damin a kan katako, nesa da ƙasa da bango, a inda iska take ratsawa, rana kuma ba ta bugunsa kai tsaye. Wanda yake zaune a ɗakunan haya yana iya warware damin ya zuba a kwali ko a babbar jakar yadi. Abin da ba a so shi ne ɗaure shi cikin leda, domin leda tana tara gumi. Wajibi ne kuma a tsare shi daga ɓerayen gida, don kada su ɓata shi da fitsari da kashi.

Ingiricin da aka adana haka yana iya shekara bai lalace ba, ko da yake ƙanshinsa yana raguwa, zomo kuma yana ƙin wanda ya tsufa. Saboda haka mai hikima ba ya sayen abin da ya fi ƙarfin wurin ajiyarsa. Yakan kuma nemi sabon dami tun kafin na hannu ya ƙare, ya riƙa haɗa su kaɗan-kaɗan har dabbar ta saba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.