Bigil, Kare Mai Bin Hancinsa

A ƙasar Ingila akwai wani irin kare da ake kira Bigil. Ba shi da girma, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa inci 13 ne zuwa 16. Yana da manyan kunnuwa masu laushi, sun zubo har kusa da bakinsa. Yawancinsu launi uku gare su, baƙi da fari da ja. Duk wanda ya dube shi sai ya ce wannan ba shi da fitina. Saboda haka mutane da yawa a Turai da Amurka sukan saye shi su kai gida ba su san halinsa ba, daga baya su zo suna da-na-sani.

Asalinsa karen farautar zomo ne. Mafarautan Ingila sukan tara su garke guda su sake su a daji, su kuwa suna biye da su a ƙasa, ba bisa dawaki ba. Wajen shekarar 1830 wani limamin Kirista mai suna Phillip Honeywood ya tara irin wannan garke a lardin Essex, an ce daga nan Bigil na yanzu ya samo tushe. Tun 2005 doka ta hana farautar zomo da karnuka a Ingila, amma hali zanen dutse ne, dokar ba ta shiga hancin kare ba.

Shi Bigil ba da ido yake farauta ba, da hanci yake yi. In ya ji ƙanshin abin da yake so, sai ya kafa hanci a ƙasa, ya ɗaga wutsiya sama, ya miƙa. Bakin wutsiyar nan fari ne, da shi mafarauci yake gane inda karensa yake cikin doguwar ciyawa. To, a wannan lokaci ko mai shi ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, ba zai waiwayo ba. Ba kurma ba ne, ba kuwa rashin wayo ba ne, hankalinsa ne duk ya koma hanci. Ta haka yakan ɓata, ko ya faɗa gaban mota. Don haka wanda zai ajiye shi lalle ne ya kewaye gidansa da katanga ko shinge mai ƙarfi, domin Bigil gwanin tono ne, yana iya haƙa rami ya sulale ta ƙarƙashi. In za a fita da shi kuma, sai da igiya a wuya.

Hancin nan ya sa ya zama mai kwaɗayi ƙwarai. Ba a ɓoye masa abinci, ko a ina aka sa sai ya gano. Ba ya kuwa sanin ya ƙoshi. In ba a auna masa ba, kuma ba a fita yawo da shi kullum, sai ya yi ƙiba, ciwo ya biyo baya. Kunnuwansa ma suna bukatar dubawa, don sun rufe, iska ba ta shiga sosai, sukan yi ciwo.

Amma kwaɗayin ya yi rana. A 1984 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta fara sa Bigil aiki a filin jirgin saman Los Angeles. Yana zagaya kayan matafiya yana shinshina, in ya ji nama ko 'ya'yan itatuwa da aka hana shiga da su ƙasar, sai ya zauna kusa da jakar, a ba shi ɗan abin taɓawa. An zaɓe shi ne don ƙarami ne, ba ya tsorata mutane.

Da yake cikin garke ya saba zama, ba ya jure kaɗaici. In aka bar shi shi kaɗai wuni guda, sai ya ɗaga kai sama ya yi ta kuka mai tsawo, irin wanda kakanninsa suke yi a daji don su kira mafarauci, har maƙwabta su kawo ƙara. Yana son yara, yana zama lafiya da sauran karnuka. Sai dai mai neman karen gadi ya nemi wani. Bigil yakan yi wa baƙo haushi da fari, amma kafin a jima ya soma kaɗa masa wutsiya, balle in ya zo da ƙunshin nama a hannu. Yakan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya, duk tsawon lokacin nan kuwa ciyarwarsa da yawonsa suna wuyan wanda ya saye shi.