Sauri Ya Haifi Nawa: Yadda Littafinmu Ya Salwanta A Maɗaba'a

Saura kwana tara a ƙaddamar da littafin da muka haɗa domin karrama wani malaminmu da ya yi ritaya, sai mai maɗaba'a ya kira ni bayan sallar Isha'i. Tun daga yadda ya tsawaita gaisuwa na san da magana. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya koma ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Dakta, kwamfutar yaron nan ce ta ƙi tashi." Littafin shafi 340 ne, da tsofaffin hotuna sama da 60 waɗanda muka bi gida-gida muka aro, aka ɗauke su da na'ura, aka mayar wa masu su. Ni ne editan, kuma wata biyar muka yi muna kai da kawowa a kan gyara.

Yaron da ake nufi ba yaro ba ne, saurayi ne da ya iya aikinsa, hannunsa ya faɗa a CorelDRAW da InDesign da Photoshop. Na tuna wata rana ya taɓa buɗe mini cikin kwamfutarsa yana alfahari, ya nuna mini faifan ajiya guda biyu, ya ce ya haɗe su sun zama RAID. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. A zatona faifai biyu na nufin kwafi biyu. Sai da na zauna a shagon washegari, yana share gumi yana yi mini bayani, na fahimci cewa haɗin da ya yi na gudu ne kawai, kuma mutuwar ɗaya ta tafi da abin da ke kan duka biyun.

Kafin a ga laifinsa, ya kamata a san abin da ke sa masu tsara shafi kwaɗayin sauri. Aikin bugu ba irin hoton da ake turawa a waya ba ne. Ana so a sami ɗigo 300 a kowane inci, cikin launuka huɗu da injin bugu ke aiki da su: shuɗi, jan garura, rawaya da baƙi. Shafi guda na A4 a wannan ma'auni ya kusa megabayit 35 kafin a matse shi, fosta mai girman A2 kuwa ta kusa 140. Wannan hoto ɗaya ke nan a shimfiɗe. Da zarar mai zane ya fara ɗora rubutu kan hoto, hoto kan inuwa, sai fayil ya kumbura ya ninka sau da yawa, har Photoshop ma yana da iyakar gigabayit 2 a tsarin fayil ɗinsa na yau da kullum, wanda ya wuce haka sai an sauya masa wani tsari. A lokacin zaɓe, ko ƙarshen shekara da ake rububin kalanda, mutum yakan buɗe irin waɗannan fayiloli ya rufe sau ɗari a wuni, mai aiki na tsaye a kansa.

Faifai na gargajiya, mai juyawa sau 7,200 a minti, yakan karanta megabayit 150 zuwa 200 a daƙiƙa idan bayanan a jere suke. Idan a warwatse suke, dole allurarsa ta yi ta tsalle tana nema, a nan ne ake jin kwamfuta tana nishi. SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, yana kaiwa kusan 550 ta tsohuwar mahaɗar SATA, irin na NVMe kuma yana kaiwa 3,500 har 7,000 gwargwadon zamanin allon kwamfutar. Ma'ana, SSD guda ɗaya mai matsakaicin kuɗi ya riga ya tsere wa faifai biyu masu juyawa da aka haɗe domin gudu. Dabarar da saurayin nan ya yi ta dace da shekara goma sha biyar da suka wuce. A yau kasada ce da ba ta da riba.

Akwai kuma inda kuɗi ke zubewa a banza. Na ga shagon da ya sayi SSD mai tsada ya sa a akwatin ajiya na tsakiya, alhali wayar da ta haɗa kwamfutocin shagon ba ta iya ɗaukar fiye da megabayit 125 a daƙiƙa. Wani kuma RAM ɗinsa ne ya yi kaɗan, Photoshop na ta aron fili a kan faifai, shi kuwa yana zargin faifan. Ruwa ba ya wuce faɗin bututunsa.

Sunan RAID ya fito ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka gabatar a 1988. Tunaninsu shi ne a tara ƙananan faifai masu araha su yi aikin babba mai tsada, tare da tanadin abin da zai faru idan ɗaya ya mutu. Wanda ake kira RAID 0 ba ya cikin matakai biyar da suka zayyana, domin ba shi da wannan tanadi ko kaɗan: yana yanka fayil ne gunduwa-gunduwa, ya jefa wannan a faifai na farko, wancan a na biyu. Kamar a raba littafi ne, shafukan mara a hannun Audu, na cika a hannun Tanko. Idan Tanko ya ɓace, abin da ke hannun Audu ba ya karantuwa. RAID 1 shi ne abin da na zata tun farko, duk abin da aka rubuta a nan sai a rubuta a can. RAID 5 yana buƙatar faifai uku ko fiye, kuma dabararsa lissafi ce mai daɗi: idan ka san cewa lambobi biyu sun haɗu sun ba da 8, ɗaya ta ɓace, wadda ta rage 5 ce, ai ka san 3 ce ta ɓace. Da irin wannan ake sake gina faifan da ya mutu. Sai dai ginin yakan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki idan faifan manya ne, kuma a daidai lokacin sauran suna aiki tuƙuru. Tunda galibi rana ɗaya aka saye su, tsufansu ɗaya, ba abin mamaki ba ne na biyu ya bi na farko ana tsakiyar gini. Shi ya sa aka fito da RAID 6 mai jure mutuwar biyu.

To amma ko da saurayin ya yi RAID 1, da ya tsira daga wannan musiba ce kaɗai. Madubi ba ya zaɓen abin da zai nuna. Idan ka goge fayil bisa kuskure, nan take ya goge a faifai na biyu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar adanawa fayil ya lalace, lalataccen ne za a kwafa. Idan manhajar nan mai garkuwa da bayanai ta shigo, irin WannaCry da ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya a watan Mayun 2017, duka biyun za ta kulle ta nemi fansa. Ɓarawo kuma akwatin gaba ɗaya yake ɗauka. RAID yana hana aiki tsayawa ne. Dawo da abin da ya salwanta aikin kwafin ko-ta-kwana ne, kuma su biyun ba sa maye gurbin juna.

Ba ƙananan shaguna kaɗai abin ke samu ba. A 1998, ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan fayilolin fim ɗin. Suka juya ga kwafinsu, suka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye wata cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVH a birnin Sitrasbog na Faransa, wasu abokan hulɗarsu suka rasa komai domin kwafinsu ma a wurin yake. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan hatsarin ajiye asali da kwafi ƙarƙashin rufi ɗaya.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A shagon da ke da kwamfuta biyu ko uku, wannan ba ya wuce SSD na aikin yau, da babban faifai na waje da ake zuba aikin wuni kowace yamma, da wani faifan da maigida zai riƙa tafiya da shi gida yana musanyawa duk mako. Ma'ajiyar intanet tana da kyau ga wanda ke da kuɗin data da haƙurin jiran gigabayit 20 su hau, amma ban ga dalilin jingina komai a kanta ba a inda sabis ke zuwa yana tafiya. Faifan waje kuma a cire shi bayan an gama, domin wanda ke maƙale kullum duk abin da ya sami kwamfuta zai same shi. Filashin da ake saya a bakin titi ba ma'aji ba ne; akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, suna karɓar fayil suna haɗiyewa. Sannan a sa UPS tsakanin kwamfuta da wutar gari ko janareta, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu.

Abu guda da ya shafe mu musamman: a adana haruffan da aka yi aikin da su tare da fayil. Tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da yawa an buga su da haruffan da suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan wasu alamomin allon rubutu. Buɗe su a kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, sai ka ga baka-biyu da sanduna sun cika shafi. InDesign yana da umarnin da ke tattara fayil da hotunansa da haruffansa a jaka guda, minti biyu yake ɗauka.

Ni ma ina da kaso a laifin. Wata biyar ina shiga shagon nan, ban taɓa miƙa faifai na ce a zuba mini aikin ba. Da na ce wa mai maɗaba'ar haka, sai ya ce, "Dakta, ai mu ya kamata mu ba ka tun ba ka tambaya ba." Muka bar maganar a nan.

Maƙalolin mun tsinto su daga imel, muka sake bin gyare-gyaren daga takardun da na yi wa jan biro, Allah Ya sa ban zubar ba. An ɗaga taron da mako huɗu, aka sake buga katin gayyata. Hotuna muka koma aro, aka samu duka ban da guda bakwai na wani dattijo abokin karatun malamin namu, wanda ya rasu a tsakanin, iyalansa kuma suka duba ba su ga ambulan ɗin ba. Ɗaya daga ciki, na ɗalibai a gaban ajinsu, na taɓa tura wa wani abokin aiki ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa ɗigo. Shi muka sa a shafi na 12, ƙarami, fuskokin sun ɗan dushe. A wurin taron malamin ya daɗe yana kallonsa, ya kira sunayen mutum biyar a layin gaba, na baya kuwa ya ce ba ya iya tantance su.