Sunan Bentley: Daga Filin Ciyawa Zuwa Goshin Mota

Idan aka ambaci Bentley a yau, abin da ke fara faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne motar alfarma ta sarakuna da attajirai. Amma kuwa sunan ya girmi motar da ɗaruruwan shekaru, kuma kafin a liƙa shi a jikin ƙarfe ya daɗe a bangon littattafai.

Asalin kalmar daga tsohon Ingilishi take, ma'anarta kuwa fili a cikin daji inda wata ciyawa mai tsauri ke fitowa. Saboda haka ƙauyuka da dama a Ingila suke amsa wannan suna. Bayan da Normawa suka ci ƙasar a shekarar 1066, sai sannu a hankali al'adar gadon sunan iyali ta kafu, aka riƙa kiran mutum da sunan ƙauyensa, 'ya'yansa su gada. Wannan bai yi nisa da al'adar ƙasar Hausa ba, inda ake cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari. Ke nan haɗa suna ba ya nufin haɗa jini.

Na farko da ya ɗaukaka sunan a fagen ilmi shi ne Richard Bentley, wanda aka haifa a yankin Yorkshire a 1662, ya rasu a 1742. Shaihin malami ne a harsunan Girka da Latin. A 1699 ya tabbatar da cewa wasiƙun da ake dangantawa ga Phalaris, wani sarki na zamanin da a tsibirin Sisili, na jabu ne. Hujjarsa ita ce sun ambaci garuruwan da ba a kafa ba a zamanin sarkin, kuma irin Girkancinsu na baya ne. Wannan hanya ta tantance rubutu ta zama abin koyi. Sai dai ilmin ya rinjaye shi a 1732, lokacin da ya sake buga waƙar Milton mai suna Paradise Lost, ya canza kalmomi masu yawa bisa zaton cewa an cuci makahon mawaƙin wajen rubutawa. Manazarta ba su karɓi wannan gyara ba.

Akwai kuma wani Richard Bentley, maɗaba'i a Landan, wanda ya kafa mujalla a 1837, ya ɗora Charles Dickens a kan shirya ta. A cikinta aka fara buga labarin Oliver Twist kashi-kashi. Sannan ga Edmund Clerihew Bentley, wanda ya ƙago wata gajeriyar waƙar barkwanci mai layi huɗu, kuma a 1913 ya wallafa Trent's Last Case, littafin da ya buɗe sabon salo a labaran binciken laifi. Ita kuwa Phyllis Bentley ta garin Halifax, a 1932 ta rubuta Inheritance a kan rayuwar iyalan masu masaƙa.

Mai motar shi ne Walter Owen Bentley, haifaffen 1888. Ya koyi aikin injiniya a ma'aikatar jirgin ƙasa, ya tsara injinan jiragen sama a Yaƙin Duniya na Farko, sannan ya kafa kamfaninsa a 1919. Motocinsa sun lashe tseren Le Mans a Faransa har sau biyar tsakanin 1924 da 1930. Amma nasarar tsere ba ta biya bashi ba. A 1931, cikin karayar tattalin arzikin duniya, kamfanin ya durƙushe, Rolls-Royce ya saye shi, har da sunan. Walter ya koma Lagonda a 1935. Daga baya da aka so a tallata motocin Lagonda da sunansa, sai Rolls-Royce ya kai ƙara, kotu kuma ta ba shi gaskiya. Wato mutum yana raye, aka hana a sa sunan da ya gada daga mahaifinsa a kan aikin hannunsa. Ya rasu a 1971, kuma a 1998 kamfanin ya koma hannun Volkswagen na Jamus.

A nan bambancin yake. Sunan marubuci yana manne da aikinsa, daidai ko kuskure: har yau ana yabon malamin nan saboda Phalaris, ana kuma zarginsa saboda Milton. Amma da zarar suna ya zama tambarin ciniki, to ya zama haja, ana saye ana sayarwa ko da mai shi bai so ba. Motocin da ake ƙerawa a garin Crewe tun 1946 suna ɗauke da sunan Walter, alhali babu wadda ya tsara a cikinsu.