Zafin da Ɗaki ke Haifarwa da Kansa

Ba daga rana kaɗai zafin gini ke zuwa ba. Mutane, fitilu, firji, kwamfuta da murhu duk suna zuba zafi a ɗaki, kuma injiniyan da ya manta da su wajen ƙiyasta wutar da gini zai ci, lissafinsa ya karkace tun daga tushe.

Baligin da ke zaune shiru yana fitar da zafi kimanin wat 100. Wani kaso yana ɗumama iska, saura ya bi gumi da numfashi ya zama laima. Kayan wuta kuwa, kusan duk abin da suka sha zafi yake komawa. Har fanka: tana sanyaya fata, amma injinta ɗumi yake ƙara wa ɗaki.

A ƙasashen sanyi wannan zafi riba ce. Shi ya sa a Amurka ake fara ƙirga buƙatar ɗumama gini idan zafin waje ya sauka ƙasa da digiri 18.3 a ma'aunin Celsius, a Birtaniya kuma 15.5, alhali mazauna sun fi son ɗumin da ya ɗara haka. Jikin mutane, kayan wuta da hasken rana ne ke cike giɓin. Katafaren kantin Mall of America a Minnesota, duk da tsananin hunturun can, ba shi da tsarin ɗumama na bai-ɗaya.

A Kano ko Yamai a watan Afrilu kuwa, kaya ne a kan kaya. Mutum 50 a zauren taro suna ba da kusan kilowat 5 tun ba a kunna fitila ko ɗaya ba, wato kusan aikin na'urar sanyaya ɗaki guda biyu masu ƙarfin doki ɗaya. A nan, maye gurbin ƙwan fitila mai wat 60 da LED mai wat 9 riba biyu ce: fitila ta rage shan wuta, na'ura ta samu sauƙi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne adadin da ke rubuce a bayan kaya. Kwamfuta ba kasafai take shan abin da aka rubuta mata ba, kuma ba kowa ke ofis a lokaci guda ba. Wanda ya tara alƙaluman yadda suke zai sayo na'urar sanyaya ɗaki da ta fi ƙarfin ɗakin, ta riƙa tashi tana mutuwa, iska ta yi sanyi amma laima na nan. Kuɗin sayenta ya fi yawa, janaretan da zai ja ta ma sai babba.